Ranar da Ta Daina Kiran Sunana

Masu biyo ni, kun yi ta tambaya me ya sa na yi shiru kwana biyu. Ba rezon waya ne ya ɗauke ba. Ni ne na rasa ta inda zan fara. Yau ma ban tabbata ba, amma ga shi.

Ga wanda bai karanta na baya ba: sunana Mahamud, a gida Abba. Na faɗi jarrabawar bak, na sake faɗi, na bar makarantar lise. Yanzu ina wani ƙaramin gidan tele a nan Damagaram, ina magana a kan wasanni da Hausa. Akwai Zakiyya, 'yar unguwar Birni, ita ma mai gabatar da shiri ce a wurin. Ana gab da buɗe gasar wasannin ƙasashen Afirka na rubuta mata abin da ke raina. Ta amsa: "Na gani." Ba ta ƙara ba. Ni ma ban ƙara ba.

Ga yadda aikin yake. Hotunan gasar daga Yamai suke zuwa mana, mu kuwa mu zauna a sutudiyo mu ɗora magana a kai, direk, ba gyara. Wasannin suna da yawa, mu ba mu da yawa. Sai Madam Kellu, shef ɗin porogaram, ta raba yini gida biyu a kan allon da ke biro ɗinta, wato ofis: na safe daga hantsi zuwa azahar, na yamma daga azahar zuwa magariba.

Kowa ya san na yamma shi ne shiri. Da safe mutane na kasuwa, na sarbis wurin aiki, wutar kuran ma lokacin take son ɗaukewa. Da yamma kowace fada ta fito da tele bakin titi, shayi na kan gawayi, ga dambe, ga tekwando, ga kokawa. Wanda ya zauna da yamma, duk gari ya gan shi.

Na shiga biro na duba allo. Yamma: Zakiyya da Abdul'aziz. Safe: ni kaɗai.

Na ce, "Madam, kokawa fa?"

Ba ta ɗago ba. "Tana nan, ba ta gudu ba."

"Ni nake yin ta."

"Da. Yanzu ninƙaya za ka yi, da tsalle-tsalle."

"Ni ban taɓa ganin irin ruwan nan ba sai a tele."

"To a tele za ka gan shi. Wa ya ce ka shiga?"

Abdul'aziz bai daɗe da dawowa daga Yamai ba. Ya karanci aikin jarida, yana da Faransanci mai santsi, yana sa kwat da karabat a wuya ko rana na dukan mutum. Mai gidan tele ya ce shirin yamma sai da harshe biyu. Da ma a ce mugu ne, da na samu abin riƙewa. Ba mugu ba ne. Kullum shi ke fara gaishe ni. Wannan ya fi ci mini rai.

Haka na fara zama ni kaɗai da safe, cikin shaddata ruwan toka, wadda Inna ke wankewa da yamma ta bushe kafin gari ya waye. Ina kallon kawuna takwas cikin hulunan roba suna nutso suna fitowa, ba ka gane na Masar ba ka gane na Senegal. Ni da iyakar ruwana tafkin Tirmini ne da damina, shi ma zuwa gwiwa. Ina cewa, "Ga shi nan yana tafiya, jama'a, yana tafiya." Me zan ce?

A fadarmu har suna na samu. Tanimu, abokina tun firamare, da ya hango ni sai ya miƙe.

"Ku ba Sarkin Ruwa kujera."

"Bar ni, Tanimu."

"Jiya mun ga ango da amarya. Har kalar kaya ɗaya. Kai kana can kana kiwon kifi."

Suka yi dariya. Na sha shayina na tashi. Abin da ya faɗa shi gari ke faɗa. A Damagaram in namiji da mace suka zauna a teburi ɗaya a tele kwana da kwanaki, mutane sun gama ɗaura musu aure, saura goro.

Abu ɗaya ne nawa a duk yinin. Da azahar, in na gama, nakan ce, "Yanzu na miƙa ku ga Zakiyya da Abdul'aziz." Kamera ta juya zuwa teburinsu, can ɗaya kusurwar. Ita kuma ta dubi inda nake ta ce, "Mun gode, Mahamud."

Shi ke nan. Kada ku yi mini dariya. A kan wannan nake tashi da safe. Tana da wata irin faɗar sunan, ta ɗan ja ƙarshensa, kamar ba ta son ya ƙare. Ko kuma ni ne nake jin haka. Nakan tafi da shi gida a kunne, kan kabu-kabu, har ƙofar zaure.

Cikin makon nan Baffa Yakuba ya zo daga Tirmini. Ƙanen mahaifina ne, shi ke riƙe da gonarmu tun rasuwar Baba. Gero ya nuna, gyaɗa na jiran cira, hannu ya yi kaɗan. Bai taɓa ɗaukar aikina aiki ba.

"Wai mutum ya zauna yana gaya wa mutane abin da suke gani da idonsu," in ji shi, yana wanke hannu bayan tuwo. "Makafi ne?"

Na ce, "Baffa, sai an gama gasa."

"Tsuntsaye ma ka gaya musu sai an gama gasa."

Ba na iya masa gardama, ba na kuma iya tafiya.

Sai ranar nan.

Ta zo cikin lifaya ruwan zuma, da sabon lalle har wuyan hannu. Tun da ta shigo ba ta dubi kusurwata ba. Na gama da masu tsallen sanda, na miƙa kamar kullum. Kamera ta juya.

Ta ce, "Mun gode wa…"

Ta tsaya. Ta sunkuyar da kai kan takardun gabanta. A direk, shiru kaɗan ma dogo ne.

"Mun gode wa mai shirin safe. Abdul'aziz, yau me muke da shi?"

Na ce a raina tuntuɓen baki ne. Yana faruwa.

Washegari ta ce, "Mun gode, Malam." Wanda ya biyo baya ta ce, "Sannu da aiki, na safe." Na safe. Kamar koko.

Kuma ku ji. Yarinyar nan ba sunan da ke gagarar ta. 'Yan gudun Habasha, 'yan damben Aljeriya, sunaye masu tsawo kamar igiyar guga, duk tana faɗa ba ko gargada. Abdul'aziz kuwa, a shiri ɗaya na zauna na saurara, ta kira shi har na gaji da ji. Abdul'aziz ka gani? Abdul'aziz me ka ce? Tana dariya. Nawa ne kaɗai ya zama ƙaya.

Har Madam Kellu na ji tana mata faɗa a baranda.

"Ke, a direk ana faɗin suna. Ba shi da suna ne?"

"To, Madam."

Washegari, "Mun gode, Malam."

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In na shiga ɗaki sai in fito, in na fito sai in koma. Abinci ya daina shiga. Na rubuta mata:

"Na yi miki laifi?"

"A'a."

"To mene ne?"

Ta buɗe. Ta karanta. Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa, ta tsaya. Ba abin da ya zo.

Na gama lissafina ni kaɗai. Ta zaɓi nata, tana son ta nuna masa ni ba kowa ba ne, a gaban duk gari. To ba sai ta wahala ba.

Na sami Madam Kellu bayan shirina.

"Ki cire ni."

Ta ajiye alƙalamin da ke hannunta. "Daga ina?"

"Daga allo. Zan tafi girbi."

"Ana tsakiyar gasa?"

"Ninƙaya ce. Ko ba kowa a kujerar za su iya iyo."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. "Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta tashi, ta sa tafin hannu ta goge sunana, ta rubuta Bukar, mai karanta sanarwar aure da rasuwa. "Gobe ka yi na ƙarshe, jibi ya karɓa." Ina fita ta faɗi wani abu da Barbarci. Ban ji ba, amma na san ba yabo ba ne.

A zaure na tarar da Baffa yana gyaran rediyonsa.

Na ce, "Zan bi ka."

Ya ɗago. "Magana ce ta namiji ko ta tele?"

"Ta namiji."

Ya miƙo hannu, na kama. Hannunsa kamar bawon itace. "Gobe bayan la'asar motar Idirisu direba za ta tashi. Ba ya jira."

Na shiga ciki na jawo jaka daga ƙarƙashin gado. Ina cusa kaya, ba ninki. Daga tsakar gida ina jin tele ɗin Iya, kakata, uwar Baba. Tun da aka fara gasa take fito da ita ƙarƙashin rumfa, matan unguwa su taru da tsintar wake da kitso, su kalli ƙarti na kokawa suna ba su shawara. Ranar sun watse da wuri, saura ita.

"Kai, mai gidan nan," ta kira. "Ina za ka da jaka ba ka sallame ni ba? Ko sakin ne ya zo?"

Na fito. "Tirmini, Iya."

"Ka bar wa wa amaryar?"

"Wace amarya?"

Ta nuna tele da haɓa. Zakiyya ce a ciki, tana bayanin wani ɗan tekwando. "Waccan. Kishiyata."

"Iya, ki bar wasa. Ta Abdul'aziz ce. Ni ko sunana ba ta son faɗa."

Iya ta dube ni. Sai ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗa kawai ke rawa, har tari ya kama ta. Na miƙa mata moɗa.

"Maryama," ta kira Inna, "fito ki ji mijina. Wai karatu aka kai shi."

Inna ta leƙo daga madafa, ta ga da ni ake, ta koma da murmushi.

Iya ta goge ido da bakin zane. "Zauna. Tun da aka haife ka, ka taɓa jin sunan nan naka a bakina?"

"Ai sunan Malam aka sa mini. Mijinki."

"To. Uwarka fa, ka taɓa ji?"

"Ni ɗan fari ne."

"To. Na mai ruwa fa? Na mai gawayi? Na ɗan Yaman nan mai igiya a wuya? Abdul'aziz. Abdul'aziz. Ga shi na faɗa, me ya same ni? Sunan da bai dame ka ba ai ba nauyi gare shi."

Sai a lokacin na zauna.

Na ce, "Zakiyya ba irin wannan ba ce, Iya. Ta yi karatu. Moto take hawa ta zo aiki. A tele kowa sunan kowa yake faɗa."

"Da tana faɗa, ko?"

"Tana faɗa."

"Yanzu ta kasa."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Mu nan tun ranar lifayar nan muka gane. Lami maƙwabciyarmu har guɗa ta ɗauko, na ce ta bari tukuna, ba a kai goro ba. Duk matan layin nan sun sani. Kai kaɗai, da ka girma a gidan da mata biyu ba sa kiran sunanka, kai ne ba ka sani ba." Ta mayar da ido kan tele. "Je ka ƙarasa jakarka."

Ban ƙarasa ba. Na fita waje na kira Madam Kellu.

"Madam, zancen ɗazu…"

"Allona ba wurin wasan yara ba ne. Na gaya wa Bukar, har ya kai riga guga."

"Madam, don Allah."

"Na tambaye ka ka tabbata?" Ta kashe.

Na buɗe sunan Zakiyya a waya. Na rubuta, na goge. Me zan ce? Kakata ta ce kina sona? In kuma Iya ta yi kuskure fa? Tsohuwa ce, tana ganin aure a ko'ina, ko kaji biyu ta gani tare. Na zaga unguwa, na wuce fada ban tsaya ba, Tanimu na kira Sarkin Ruwa, na dawo. Jaka na nan buɗe a kan gado. Hannun Baffa na nan a tafina.

Da safe na sa shaddar. Inna ta yi mata guga fiye da kullum, har karin hannu ya tsaya.

Ban san abin da na faɗa a shirin ba. Wasan ƙarshe na ninƙaya ne, wani ya ci zinare, na ba wa ƙasar da ba tasa ba, mai kamera yana mini alama da hannu. Idona na kan ƙofa. Ta shigo gab da azahar, atamfa kore da mayafi fari, ta zauna, aka maƙala mata mikiro. Ba ta dube ni ba. Ba ta san na cire kaina ba. Madam ba ta gaya wa kowa abin da bai shafe shi ba.

Lokaci ya yi. Na dubi kamera.

"Jama'a, yau ne nawa na ƙarshe a shirin safe. Daga gobe Bukar zai zauna a nan. Ni na yi Tirmini. Na miƙa ku ga Zakiyya da Abdul'aziz."

Kamera ta juya. Ni ban kalli allon sutudiyo ba, ita na kalla.

Ta ɗago kai, karo na farko a kwanakin nan, ta dube ni sosai. Leɓunanta suka haɗu, yadda suke haɗuwa in za a fara sunana. Na gani da idona. Suka tsaya a haɗe. Mai kamera ya ɗaga hannu. Abdul'aziz ya ɗan taɓa takardarta.

"Allah…" Muryarta ta karye, ta gyara. "Allah ya kiyaye hanya."

Ba Malam, ba na safe, ba komai. Abdul'aziz ya karɓe da Faransanci, da sauri, ya yi ta zuba har ta samu ta sha ruwa. Ya rufa mata asiri. Wannan ma sai na gode masa wata rana, abin haushi.

Na cire mikiro na fito baranda. Ku duba yadda allon Madam ya ɗaure ni. Zakiyya na direk har magariba, ba mai shiga, ba mai fita. Motar Idirisu bayan la'asar. Tsakanina da ita bango ɗaya, kuma ba hanya. Na tsaya, na zauna, na sake tsayawa. Daga baya na hau kabu-kabu na tafi gida, don ban san me zan yi ba kuma.

Ina ɗaki, jaka a gabana, waya ta yi motsi. Saƙon Zakiyya ne. An tafi talla ke nan.

"Wa ya ce ka tafi?"

Na rubuta: "Ke kika daina kiran sunana."

"Tun ranar da na gaya wa Hajiya, mahaifiyata, zancenka bakina ya ƙi. Na gwada a gaban madubi. Ya ƙi."

Na karanta, na sake karantawa. Kafin in amsa wani ya shigo.

"Babana ma ya lura. Abokansa na kasuwa sun fara masa barka. Ya ce wanda ake ɓoye wa suna a gaban duk Damagaram ya turo manyansa ran Juma'a. In ba haka ba in koma faɗin sunan kamar na kowa."

Sai na ƙarshe: "An dawo direk."

Ko a rubuce ba ta sa shi ba. Na duba, sama da ƙasa. Babu.

Manyana. Baba ya rasu. Babbana ɗaya ne a duniya wanda zai iya shiga zauren gidansu a Birni ya nema mini aure, kuma jiya na kama hannunsa na ce magana ta namiji.

Aka yi la'asar. Na ji ƙarar mota a ƙofar gida, da hon, gajere. Na fito ba jaka. Iya ta jawo tabarmarta har bakin zaure, wai iska take sha, carbi a hannu, ido a kaina. Motar Idirisu cike da buhuna da mutane a kai. Baffa na gaba, gwiwar hannu a taga. Daga fadar da ke tsallaken titi muryar Zakiyya na tashi, tana kiran sunan wani ɗan kokawa, tsaf, ba gargada.

"Abba, ina jakar?" in ji Baffa.

Na matsa kusa da taga. "Baffa, akwai magana."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Ta namiji ko ta tele?"

Na ce, "Ta namiji ce. Amma a tele ta fara."

Ya dubi Iya, ta kawar da kai tana jan carbi kamar ba ta san mu ba. Ya dubi tele ɗin fada. Ya dawo kaina.

Sannan ya ce, "Idirisu, kashe motar."